Amsa ga mai tambaya kan tarin Baba da ya ƙi jin magani

Ɗan'uwa, ka ce Baba ya yi wata huɗu yana shan maganin tibi amma tarin bai lafa ba, yana ta ramewa, kana tambaya ko ku jira ya cika wata shidan da ake shan maganin. Kada ku jira. Ku koma wurin likita a makon nan, ku tambaye shi kai tsaye: gwajin majina na GeneXpert ya nuna ƙwayar tibi, ko da hoton ƙirji kawai aka yanke hukunci? Idan ba a ga ƙwayar ba, ku nemi a yi masa hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin huhu dalla-dalla, a kuma tura ku wurin likitan huhu. Kada dai ya daina shan maganin da kansa, don akwai tibin da ke bijire wa magani.

Ni haka ta faru da ni. Wata biyar ina haɗiyar ƙwayoyin nan da sassafe, fitsarina ya koma ja-ja, wandona sai da na ƙara masa tazuge, tarin kuwa ko gezau. Sai da aka ɗebo tsoka daga huhuna aka tabbatar cutar kansa ce, wato ciwon daji. Ban taɓa sa taba a bakina ba, kuma wannan ne ya sa ba wanda ya kawo cutar kansa a ransa, har ni kaina. A hoton ƙirji tibi da cutar kansa suna kama sosai. Ka raka shi da kanka, dattawanmu kunya ke hana su yi wa likita tambaya. Allah ya ba Baba lafiya.