Amsa ga mai tambaya kan ɗaukar hoton jama'a a kasuwa da tasha

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana son ɗaukar hotunan yadda mutane ke hada-hadarsu a kasuwa da tasha a nan Zariya, amma da ka ɗaga kyamara sai wasu su ƙame, wasu su hau ka da faɗa, har ka fara tunanin ɗauka a sace da waya. Don Allah kar ka soma. Na daɗe a wannan harka, kuma na ga yadda ake taruwa a kan mutum a kasuwar Sabon Gari tun kafin ya buɗe baki ya yi bayani.

Maganin abin sabo ne. Zaɓi wuri guda, ko teburin mai shayi ne a Kwangila, ka riƙa zuwa ba kyamara. Ka yi sallama, ka sayi shayi, ka faɗa musu aikinka da inda hotunan za su je. In cikin kasuwa ne, fara da sarkin kasuwa ko shugabannin layi. In tasha ce, 'yan yuniyan da 'yan kamasho. Da sun ce "namu ne", rabin aikin ya ƙare.

Ranar da ka zo da kyamara kowa zai gyara hula, yara su cika gabanka suna "ɗauke ni, ɗauke ni". Ɗauke su, ka nuna musu. Kada ka yi gaggawar tashi, domin can sai su gaji da kai, kowa ya koma sabgarsa. A nan ne abin da kake nema yake fitowa: dillali ya riƙe hannun mai saye ya ƙi saki sai an sallama, saurayi ya sauka daga babur ya durƙusa gaban dattijo, an kira sallar la'asar masu shaguna sun shimfiɗa tabarma sun bar kaya a buɗe. Ni hannuwa nake kallo kafin fuska, su ba sa yin shiri don hoto. Ka kuma wanko wasu hotunan ka kai musu. Wannan yana buɗe ƙofa fiye da kuɗi.

Mata kam, sai da yardarsu, in an ce a'a ka sauke kyamara ba gardama. Almajirai ka fara da malaminsu, kuma yana mini ciwo in ga an ɗora yaro da ƙoƙon bara a Facebook don neman tafi. Ɗan wani ne. Kusa da Defot na sojoji, barikin Basawa ko shingen jami'an tsaro, kyamara ta zauna a jaka.

In Allah Ya kai mu Sallah, je ka Ƙofar Fada ranar Hawan Daushe. Kowa dawaki yake ɗauka, kai juya ka dubi 'yan kallo: yara a kan katanga, tsofaffi suna jinjina in Sarki ya doso.

Batun haske, fita da hantsi ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana baƙanta fuska a ƙarƙashin rumfa. Hazon hunturu yana tausasa haske sosai, sai dai ƙura: kar ka canza gilashin kyamara a fili.