Tambaya da Amsa: Wankan Gawa Idan Ana Zargin Ebola

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni dattijuwa ce a Aboabo, nan Kumasi, kuma shekaru da dama ni ake kira idan mace ta rasu a unguwarmu, in yi mata wanka da sutura. Jikata mai karatun aikin jinya ta ce idan Ebola ta shigo gari, masu irin aikina ne za su fara kamuwa. Shin haka ne, kuma yaya za mu yi da haƙƙin mamaci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan aikin lada. Jikarki ta faɗi gaskiya. Ebola ba ta bin iska kamar mura, sai an taɓa jini, amai, gudawa ko wani ruwan jikin majinyaci, ko kayan da suka ɓaci da su, irin su zani da tabarma. Ƙwayar cutar tana ƙara yawa a jiki yayin da ciwo ke tsananta, shi ya sa gawa ta fi wanda ciwo ya fara kamawa hatsari, kuma mai wanka ita ce ke juya gawa, tana wanke baki da hanci, sau da yawa ba safar hannu.

An ga haka ƙarara a annobar 2014 zuwa 2016 a Gini, Laberiya da Saliyo, inda fiye da mutum 28,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, kuma jana'iza na cikin manyan hanyoyin da cutar ta bi daga gida zuwa gida. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, waɗanda suka fi nuna ƙauna, masu jinya da masu sutura, su ne suka fi shiga hatsari.

Game da haƙƙin mamaci, ki kwantar da hankalinki. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin binnewa cikin aminci da mutunci bayan ta tuntuɓi malaman addini. A tsarin, ma'aikata masu rigar kariya ne kaɗai ke taɓa gawa, ana yi wa Musulmi taimama a madadin wanka, a sa likkafani, dangi su yi sallar jana'iza ba tare da sun taɓa ba. Ina ganin ya kamata limamanmu na zango su tattauna wannan tun yanzu da ake zaman lafiya, domin ranar makoki ba ranar gardama ba ce.

Ba a taɓa tabbatar da Ebola a Ghana ba, amma a Yulin 2022 an samu 'yar uwarta, Marburg, a nan yankin Ashanti, kuma cibiyar Noguchi da ke Accra ce ta gano ta a gwajin jini. Saboda haka, idan aka kira ki wanka, ki tambayi yadda rasuwar ta kasance. Idan aka ce zazzaɓi ne mai zafi da amai, gudawa ko zubar jini, musamman bayan tafiya, kada ki taɓa gawar, a sanar da asibiti mafi kusa. Idan kuma kin riga kin taɓa, ki kai kanki ga ma'aikatan lafiya su riƙa duba ki har kwana 21, domin alamun cutar suna bayyana ne tsakanin kwana 2 zuwa 21 bayan kamuwa.