Wa ke biyan kuɗin hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa a Abuja?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Gwarinpa, ina aiki a Sakatariyar Tarayya. Tun da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi na sayi keke, amma kullum sai na kutsa tsakanin motoci, rai a hannun Allah. Shin gwamnati tana ware kuɗi domin hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa kuwa? Idan tana warewa, wa za mu kai wa kukanmu?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malam. Allah ya tsare hanya. Kuɗin yana fita, sai dai galibi ba ya fita da sunansa, domin ana cusa shi ne cikin kwangilar gina titi, kuma a ganina wannan shi ne tushen matsalar.

Abuja ba ta da gwamna ko majalisar dokoki ta jiha, saboda haka Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke amincewa da kasafin kuɗinta, Ministan Babban Birnin Tarayya kuma ya aiwatar. Titunan cikin birni irin na Garki da Wuse da Maitama suna hannun Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, wato FCDA. Manyan hanyoyin da suka haɗa Abuja da jihohi, kamar ta Keffi wadda ta bi ta Nyanya, na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, sannan ƙananan hukumomi shida, ciki har da AMAC, wato ƙaramar hukumar birnin Abuja, da Bwari, suna da nasu ƙananan hanyoyin unguwanni. Mai keke yana iya ratsa huruminsu duka a tafiya guda, alhali babu wadda aka ɗora wa alhakin tafiyar tasa daga farko zuwa ƙarshe.

Idan aka ba da kwangilar titi, kwalta da gada su ne ake ƙaddamarwa, su ne kuma ake nunawa a talabijin. Daɓen gefen titi da fitilu da wurin tsallakawa suna zuwa ne a ƙarshen aiki, lokacin da farashin siminti ya tashi kuma kuɗi ya ja baya, don haka su ake fara ɗagewa zuwa wani lokaci. Ko inda aka gina su, rashin kuɗin gyara yana kashe su. Ka bi ƙafa a Wuse ka gani: nan an ajiye mota a kan daɓen, can an sace murfin magudanar ruwa, wani bawan Allah ya soka reshen bishiya a ramin don kada mutum ya afka, sai ka ga mace da goyo ta sauko kan kwalta tana rakuɓewa. A hanyar filin jirgin sama kuwa, wajen Lugbe, gadojin tsallakawa sun yi wa juna nisa, shi ya sa mutane ke sayar da rai su ratsa titi da gudu.

Wani ɓangare na lamarin gado ne. Babban tsarin birnin da aka kammala a 1979 ya zo da faffaɗan tituna da gundumomi masu nisa da juna, kuma bayan gwamnati ta tare a 1991 tsadar haya ta tura yawancin ma'aikata zuwa Kubwa da Karu da Mararaba. An hana acaba a tsakiyar birni a 2006, aka kuma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowanne ya ƙara yawan masu takawa a ƙasa. Kiran a hau keke ma ba sabo ba ne, domin marigayi Ojo Maduekwe ya yi shi a 2001 yana ministan sufuri, har wata motar bas ta ture shi daga kan kekensa a nan Abuja. Kira ba tare da hanya ba iyakarsa ke nan.

Maganin da wasu suka gwada shi ne ƙayyade kaso. A 2016 Shirin Kula da Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shawarci gwamnatoci su ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na kasafin sufuri domin tafiya a ƙasa da hawan keke. Birnin Nairobi na Kenya ya riga ya rubuta irin wannan kaso a manufarsa ta 2015, ƙasar Ailan kuma ta yi alkawarin Yuro miliyan 360 a kowace shekara a 2020. A gida, jihar Legas ta fitar da tata manufar a 2018. Gaskiya ne rubuta kaso a takarda ba ya tabbatar da an saki kuɗin, amma yana ba 'yan majalisa da 'yan jarida abin da za su riƙe su tambaya, wanda ba ya samuwa idan kuɗin yana ɓoye cikin kwangila. Akwai masu cewa ƙasar da ke fama da ramuka a manyan hanyoyi ba ta kai ga wannan ba, ni kuwa ban yarda ba, domin keɓe layin keke da shingen kankare a titin da ya riga ya yi faɗi bai kama ƙafar kuɗin gadar sama guda ba, kuma talaka ne ya fi cin moriyarsa. Fenti kaɗai dai ba ya kare mai keke a titin da motoci ke sheƙa gudu.

Game da inda za ku kai kuka, Abuja tana da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu, kuma majalisun biyu suna da kwamitocin Babban Birnin Tarayya waɗanda ke tantance kasafin. Ku haɗu da sauran masu keke da ƙungiyar mazauna unguwarku, ku rubuta musu da Sakatariyar Sufuri ta birnin tun kafin a gabatar da kasafi, ku ambaci titi takamaimai da wuraren da ake yawan buge mutane, ku haɗa da hotuna. Ku nemi a ba aikin layi na kansa a kasafin tare da kuɗin gyara na shekara-shekara, sannan ku yi amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ku nemi takardun kwangilar titin, domin ku ga ko an biya kuɗin daɓen da ba a gina ba.