Tambaya da Amsa: Sai ɗan gado ne ke iya kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ina ajin ƙarshe a Jami'ar Bayero. Kullum musu muke da abokaina: wasu sun ce kasuwanci a jini yake, in ba a gidan 'yan kasuwa ka tashi ba kada ka wahalar da kanka, wasu kuma sun ce jari ne kaɗai ya hana su. Mahaifina malamin makaranta ne, burinsa in samu aikin gwamnati, ni kuwa sayar da atamfa da leshi nake so bayan hidimar ƙasa. Wane hali ake buƙata, kuma ta ina zan fara?
Ɗalibi daga Gwale

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Masu maganar gado suna da 'yar hujja. Aliko Ɗangote ya fito daga zuriyar Alhassan Ɗantata ta wajen uwa, kuma da rancen kawunsa ya fara a 1977. Amma abin da ɗan gado ya fi ka shi ne ya zauna a shago tun yana yaro, ya ga yadda ake taya kaya, yadda ake sallamawa, da yadda ake cewa "albarka" ba tare da an kori mai saye ba. Wannan kuwa koyonsa ake yi, kuma ƙofar Kantin Kwari a buɗe take.

Masu kukan jari su ne suka fi ba ni tsoro. Na ga yaran da aka damƙa wa kuɗi mai kauri ranar da suka gama karatu, suka kama shago, suka zuba kanta da fitilu, kafin shekara ta zagayo uwar kuɗin ta narke. Ba caca suka yi ba. Gwaggo ta ɗauki turmi uku sai ƙarshen wata, aboki ya ɗauki leshin lefe sai bayan biki, shi kuma mai shagon yana zarar kuɗin cefane daga aljihun ciniki bai rubuta ba. Halin da nake nema a wurin matashi ke nan: ya iya raba riba da uwar kuɗi, ya iya hana ɗan'uwa bashi fuska a sake, ya kuma jure zaman da ake yi bayan Sallah, lokacin da za a wuni ana kallon hanya.

Shawarata, tun kafin ka gama jarrabawa ka nemi wani dattijo a Kwari ta hannun wanda ya san gidanku, ka zama yaron shagonsa ranakun da ba ka da lacca. Ka yi shara, ka jera kaya, ka ɗauki dila, kada digiri ya hana ka. A nan za ka san atamfar da 'yan Nijar da Chadi ke nema, da wadda ke kwantai. Idan ya yarda da amanarka, zai bar ka ka ɗauki hoton kaya ka sa a WhatsApp, ka sayar wa 'yan ajinku mata da iyayensu, ka kawo masa kuɗinsa ka riƙe abin da ya hau. Nan ne ilminka zai yi rana, don dattawanmu da yawa har yau a ka suke lissafi.

Alawus ɗin hidimar ƙasa ya koma Naira 77,000 tun 2025. Ka riƙa cire wani abu daga ciki kowane wata kana ajiyewa a asusun da ba ka taɓawa. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za ta iya jira har ka samu masu saye na dindindin.

Mahaifinka kuma kada ka yi jayayya da shi. Ka cika duk takardar neman aikin da ya kawo maka, sannan bayan wata shida ka kai masa littafin cinikinka ya duba da idonsa, ka roƙi albarkarsa.