Tattakin Ruwa na Matan Ojibwe: Shin Ruwan Yana Zama Magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana karatu a Thunder Bay ta ƙasar Kanada. Ƙawayenta 'yan ƙabilar Ojibwe sun gayyace ta wani tattaki da mata ke yi ɗauke da bokitin ruwa a bakin tafki. Na ga bidiyo a Facebook ana cewa duk ruwan da aka yi wa wannan al'ada ya tsarkaka, har magani ne. Hankalina ya tashi. Ina tsoron kada ta sha abin da zai cuce ta, ko a kama ta a ce zanga-zanga take yi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Batun kamu dai ki kwantar da hankalinki. Masu tattakin sun sha nanata cewa addu'a suke yi irin ta al'adarsu, ba zanga-zanga ba. Wata dattijuwa, Josephine Mandamin, 'yar Wiikwemkoong da ke tsibirin Manitoulin, ita ta fara shi a 2003, lokacin da ta zagaye tafkin Superior, ɗaya daga cikin manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka, a ƙafa tare da wasu mata. Daga nan ta bi sauran manyan tafkunan huɗu, shekara bayan shekara, kafin rasuwarta a 2019. A ɓangaren Amurka kuma Sharon Day ta jagoranci irinsa a 2013, daga mafarin kogin Misisipi har inda yake shiga teku.

A wurinsu kula da ruwa haƙƙin mata ne. Tun da asuba ake ɗiban ruwa a bokitin jan ƙarfe, mata sanye da dogon siket su riƙa karɓa-karɓa, namiji na gefe riƙe da sanda mai gashin mikiya. Da zarar an tashi, ruwan ba ya tsayawa sai an kai zango, kuma duk rafin da suka tsallaka sai sun ajiye masa ɗan garin taba. Tunda akwai ibadarsu a ciki, hukuncin shigar 'yarki tambayar malaman addini ce. Ni fagena ingancin ruwa ne.

To, a nan ne bidiyon ya ɓata min rai. Hajiya, ko matan da ke tattakin ba su ce bokitinsu na'urar tace ruwa ba ne. Da ruwan lafiya lau yake, me zai fito da tsohuwa tana taka dubban kilomita? Lalacewarsa ce ta fito da su. Amma kullum sai na gamu da masu cewa in ruwa ya yi garau, ko an tafasa shi, ko wani ya yi masa tofi, shi ke nan ya zama na sha. Wannan magana tana kai mutane asibiti, wasu har kushewa.

Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, irin masu kawo gudawa da amai. Zaiba da dalma kuwa ko a jikinsu. Hasali ma in ruwa ya ƙone a tukunya, dalmar da ke ciki ƙara yawa take yi a ɗan ruwan da ya rage. Ki dubi abin da ya sami Ojibwen Grassy Narrows a lardin Ontariyo: tsakanin 1962 da 1970 wata masana'anta a garin Dryden ta zuba zaiba kusan tan 9 a kogin Wabigoon. Gubar ta kwanta a laka, ta shiga ƙananan halittu, ta taru a jikin manyan kifaye, mutane suka ci. Har yau akwai masu fama da mutuwar yatsu, rawar jiki da raunin gani. Soya kifin ko banda shi ba ya fitar da komai, domin gubar a cikin tsoka take. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta, sai gwajin ɗakin bincike.

Hukumomi ma ban wanke su ba. Mutanen Shoal Lake 40, wata al'ummar Ojibwe a Kanada, sun zauna ƙarƙashin umarnin tafasa ruwa daga 1997 har 2021, alhali daga tafkinsu ake jan ruwan da birnin Winnipeg ke sha. Shekara 24 ana jeka-ka-dawo da takardu, yara suka girma ba su san buɗe famfo su sha kai tsaye ba. Sai kuma wani ya zauna da waya a hannu, ya mayar da kukan waɗannan mutane tallar ruwan waraka. Ku ji tsoron Allah, masu yaɗa abin da ba ku bincika ba, ran mutane kuke wasa da shi.

Ki gaya wa 'yarki, in ta je, ta tafi da gorar ruwanta daga famfon gari. Kada ta sha na rafi ko na tafki komai kyansa, kuma kafin ta ci kifin da aka kamo mata, ta duba jagorar cin kifi da gwamnatin Ontariyo ke fitarwa, wadda ke nuna adadin da ya dace a ci daga kowane ruwa.