In Na Kama Aiki, Me Zai Rage Mini? Amsoshi Kan Tallafin Universal Credit a Birtaniya

Tambayoyin wannan karon duk daga mazauna Birtaniya suka zo, kuma kusan abu guda suke zagayawa: mai karɓar Universal Credit, tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, in ya ƙara himma a wurin aiki, shi zai ci moriyar guminsa ko baitulmali? Alƙaluman da zan kawo na shekarar kuɗi ce da ta fara a Afrilun 2025. Ana taɓa yawancinsu duk watan Afrilu, don haka a riƙe hanyar lissafin, a duba sabon adadi kafin a yanke shawara.

Assalamu alaikum. Yaranmu biyu, ƙaramin shekararsa biyu. Maigidana yana cikakken aiki, muna zaman haya a Ingila, muna karɓar Universal Credit. Na samu aikin awa 16 a mako a gidan kula da tsofaffi, fam 12.21 a awa. Shi ya ce wahalar banza ce, duk abin da na samo za a zare daga tallafin. In karɓa ko in haƙura?

Wa alaikumus salam, Malama. Maigidanki ya faɗi rabin gaskiya. Za a zare, amma ba duka ba. Dokar ita ce, duk fam ɗaya da ya shigo gidan bayan an cire haraji, ana rage kwabo 55 daga tallafin, kwabo 45 ya zauna a hannunku. Da aka fara tsarin a 2013 kwabo 65 ake ragewa, aka mayar da shi 63 a 2017, sannan Rishi Sunak, lokacin yana ministan kuɗi, ya sauke shi zuwa 55 a ƙarshen 2021.

Ɗauko takarda mu yi tare. Awa 16 a kan fam 12.21 ya kama kusan fam 846 a wata. Wannan bai kai fam 12,570 a shekara ba, inda harajin albashi ke farawa, saboda haka babu haraji a kanki. Tallafin zai ragu da kimanin fam 465, ki tashi da fam 381.

Akwai wani kaso na albashi da ba a taɓawa kwata-kwata ga iyali mai yara: fam 411 a wata ga wanda ake taimaka wa da kuɗin haya, fam 684 ga wanda ba a taimaka masa. Sai dai gida ɗaya kaso ɗaya, kuma albashin maigidanki ya riga ya cinye naku. Shi ya sa tun daga fam ɗinki na farko ake yanka. Da uwa ce mai riƙon yara ita kaɗai ta kama wannan aikin, da fam 607 za ta tsira maimakon 381. A ganina nan ne tsarin ya fi rauni, domin mutum na biyu da zai fita aiki a gida, wanda galibi mace ce, shi ake fi matsawa.

Yanzu sai babban batu, wato rainon yaro. Universal Credit na mayar da kashi 85 cikin ɗari na kuɗin raino, har zuwa fam 1,031 a wata ga yaro ɗaya, fam 1,768 ga biyu ko fiye. Amma da sharaɗi. Dole mai rainon ta kasance da rajista, a Ingila wurin hukumar Ofsted. Maƙwabciyar da za ki riƙa ba wa wani abu ta riƙe miki shi, komai amanarta, ba za a mayar miki da ko kwabo ba. Sannan ke za ki fara biya, ki ɗora rasit a shafinki na intanet, kuɗin ya biyo baya. Watan farko ne ke karya mutane. Tun 2023 ana iya neman a taimaka da kuɗin farkon, amma sai kin buɗe baki kin tambayi jami'in da ke kula da ku a ofishin Jobcentre, mai kula da tallafi da neman aiki, kafin ki fara aiki.

A ce raino zai ci fam 600 a wata, naki fam 90 ke nan. A ce kuɗin bas fam 70. Abin da zai rage ya kai fam 221, kusan fam 3 a kan kowace awa da kika yi a tsaye. Da wannan kaɗai, ba zan ga laifin maigidanki ba. Amma daga Satumbar 2025, a Ingila, iyayen da dukansu ke aiki suna samun awa 30 na raino kyauta a mako, na mako 38 a shekara, tun yaro yana wata tara. Sharaɗin shi ne kowannenku ya samu aƙalla kwatankwacin awa 16 a kan mafi ƙarancin albashi, kuma aikinki ya faɗa daidai kan layin. Kula, wasu gidajen rainon suna cajin abinci da sauran tarkace daban, ki nemi a rubuta miki jimillar kafin ki sa hannu.

Shawarata, ki karɓa. Fam ɗari biyu zuwa ɗari uku a wata ba abin rainawa ba ne a gidan da ke ƙirga kwanaki kafin kuɗi ya shigo. Ban da wannan, kason yara na tallafin yana ƙarewa in sun girma sun bar karatu. Matar da ta shekara goma sha biyar a gida, ranar da aka yanke shi, za ta fara neman aiki ne daga tushe. Wadda ta fara yanzu kuwa ta tara takardun shaidar aiki, ta san mutane, kuma ana zuba mata fansho, wanda doka ta tilasta wa mai ba da aiki ya sa aƙalla kashi 3 cikin ɗari. Ku zauna da maigidan ku shigar da bayananku a ɗaya daga cikin shafukan lissafi na kyauta, entitledto ko Turn2us, sau ɗaya da aikin, sau ɗaya babu. Gardama tana sauƙi in adadi na gaban kowa.

Ni mai gadi ne, ina yin awa 30 a mako a kan fam 13. An ce in ƙara awa 10. Abokan aiki sun ce tun da na wuce awa 16 ma na cuci kaina. Yaya abin yake?

Malam, abokanka suna ba ka labarin tsohon zamani. A da akwai tallafi iri shida daban-daban, kuma awa 16 ita ce kan iyaka: ƙasa da ita kana layin marasa aiki, daga ita zuwa sama ka koma wani layin. Dokar 2012 da Iain Duncan Smith, ministan ayyuka da fansho na lokacin, ya jagoranta ta haɗe shidan wuri guda, kuma a Afrilun 2025 aka rufe tsohon tallafin ma'aikata gaba ɗaya. Universal Credit ba ya ƙirga awa don rage maka kuɗi, albashi yake kallo.

Abin da ba su faɗa maka ba ya fi wanda suka faɗa zafi. Kai ka riga ka haura layin haraji. Duk fam 100 da ka ƙara, fam 20 na harajin albashi ne, fam 8 na inshorar ƙasa, saura 72. Tallafi ya ragu da kashi 55 na wannan, wato fam 39.60. Naka fam 32.40. Awa goman nan fam 130 ne a takarda, fam 42 a aljihu. Mai samun dubu ɗari biyu a shekara ma ba a yi masa irin wannan yankan a kan ƙarin da ya samu.

To, ya cancanta? In awa goman dare ne da zai hana ka ganin yaranka, ko zai sa ku biya raino, fam 4 a awa ba ta kai ba, kuma babu kunya a ƙi. In kuwa ita ce hanyar zama cikakken ma'aikaci ko shugaban masu gadi, karɓi. Duba kuma nawa tallafinku ya rage. In kaɗan ne, ƙarin albashin zai ƙarar da shi, daga nan yankan 55 ɗin ya tsaya, fam 72 cikin ɗari ya zama naka. Wata dabara halastacciya: abin da ka zuba a fanshon wurin aiki ana cire shi kafin a yi lissafin tallafi, don haka ajiyar tsufa ta fi araha a gare ka fiye da yawancin mutane.

Inda ake faɗuwa da gaske wasu wurare ne, inda fam ɗaya ke ɗauke abu sukutum. In akwai mai karɓar alawus ɗin kula da mara lafiya a gidanku, albashinsa ya wuce fam 196 a mako, alawus ɗin makon ya tafi duka, kuma dubban mutane sun wayi gari da takardar biyan bashi a kan wannan. Magani kyauta a Ingila ga mai Universal Credit da ke da yara yana tsayawa in albashin wata ya wuce fam 935. Rangwamen harajin ƙaramar hukuma kuwa kowace hukuma da nata tsarin, sai ka tambayi taku. Akwai kuma layin da haura shi alheri ne: iyalin da ba sa aiki an ƙayyade musu jimillar tallafi, fam 22,020 a shekara a wajen Landan, fam 25,323 a cikinta, amma da zarar gidan ya samu fam 846 a wata daga aiki sai a ɗage iyakar. Ga mai yara da yawa da haya mai tsada, awa 16 ɗin nan kan ninka amfaninta.

Abu na ƙarshe. In duk mako huɗu ake biyan ka, ba duk wata ba, sau ɗaya a shekara albashi biyu zai faɗa wata guda na lissafi, tallafin watan ya zube ko ya ɓace. Duba kalanda ka gano watan tun da wuri.

Mun tara fam 9,000. Ina so in sayi mota ta fam 5,000 saboda aikina na asuba ne, babu bas. Yayana ya ce gara in tura kuɗin gida a saya mini fili, kada a rage mana tallafi.

Ajiyar da ba ta wuce fam 6,000 ba, ba ruwan kowa da ita. Daga nan zuwa 16,000 ana rage fam 4.35 a wata a kan kowane fam 250. In ta haura 16,000, tallafin ya tsaya. Na miji da na mata haɗe ake ƙirgawa. Ku da 9,000, fam 52.20 ke nan duk wata, kuma ina fata kun sanar da ita.

Shawarar Yaya, da girmamawa, ba ta ɓulle ba. Fili ko gida a wata ƙasa dukiya ce da ake ƙirgawa kamar kuɗin banki, kuma wajibi ne a faɗa. Ban da haka, in ma'aikatar da ke biyan tallafin ta ga an kawar da kuɗi ne don a ƙara samun tallafi, sai ta yi lissafi tamkar kuɗin na nan. Ka rasa kuɗin a hannu, ka rasa tallafin, in ka ɓoye kuma ka shiga layin masu laifin zamba.

Motar daban ce. Doka ta yarda da biyan bashi da kuma sayen abin da ya dace da halin da mutum ke ciki, kuma motar hawa ba a sa ta cikin ajiya. Motar fam 5,000 ga mai aikin asuba abu ne da za ka iya karewa. Ajiye rasit da jadawalin aikinka. Sai dai kafin ka biya, nemi farashin inshora da lambar ita wannan motar, domin ga wanda lasinsa na Birtaniya sabo ne inshorar kan zo da tsadar da za ta ba shi mamaki. Ƙara harajin mota, da gwajin lafiyarta na shekara-shekara da ake yi wa duk wadda ta wuce shekara uku. In Landan kake shiga, tsohuwar mota mai dizal da ba ta cika ƙa'idar hayaƙi ba fam 12.50 ce kowace rana. Ni da zan zaɓa, ƙaramar mai fetur ta fam 3,500 zan ɗauka, in bar sauran don inshora da gyara.

Tun da kuna da hannun ajiya, buɗe asusun Help to Save. Mai Universal Credit da ke aiki yana iya zuba har fam 50 a wata, gwamnati ta ɗora masa kwabo 50 a kan kowane fam, har fam 1,200 cikin shekara huɗu.

Na zo da bizar aikin kula da marasa lafiya, matata ta haihu, albashin bai isa ba. Zan iya neman wannan tallafin?

A'a, Malam, kada ma ka gwada. Bizar aiki da ta karatu suna zuwa da sharaɗin hana taɓa kuɗin jama'a, kuma Universal Credit da kuɗin yara duk suna ciki. Neman su na iya ɓata maka sabunta biza ko samun zaman dindindin. Amma asibitin gwamnati da makarantar yara ba sa cikin jerin, haka ma kuɗin hutun haihuwa da na rashin lafiya da mai ba da aiki ke biya bisa doka. In matarka ta yi aiki kafin haihuwar, a bi mata wannan haƙƙin. In kuma ɗayanku ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin, lissafin ya canza, sai ku je ofishin Citizens Advice da takardunku duka biyu kafin kowa ya cika fom. Kyauta suke duba wa.