Rarar kwana biyu a Beijing: in je Tianjin ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Na saba zuwa Guangzhou sarin kaya, amma ban taɓa hawa arewacin Chaina ba. A watan Oktoba zan je Beijing wani baje-kolin injuna, kuma zan samu rarar kwana biyu kafin jirgina ya tashi. Wani abokina ya ce in leƙa Tianjin, wai tsohon gari ne mai babbar tashar jiragen ruwa. Ya cancanci zuwa? Zan ga teku da tashar? Kuma yaya batun abinci da sallah?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka ya ba ka shawara mai kyau, ka je. Sai dai akwai gyara tun kafin ka sayi tikiti: cikin garin Tianjin ba a bakin teku yake ba. A kan kogin Hai aka gina shi, tashar jiragen ruwan kuma tana can yankin Binhai, wajen kilomita 50 gabas da tsakiyar gari, inda kogin ke faɗawa tekun Bohai. Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa yana baza ido ya hango manyan jiragen dakon kaya zai sha mamaki. Abin da ya sa ake zuwa Tianjin titunanta ne da gine-ginenta, a wurinka kuma har da unguwar Musulminta, wadda masu kai baƙi yawo ba su cika ambata ba.

Zuwan ba wuya. Daga tashar Beijing ta Kudu akwai jirgin ƙasa mai sauri da ya fara aiki a watan Agustan 2008, yana cinye tazarar kusan kilomita 120 cikin minti talatin da 'yan kai, kuma jirage na tashi bi da bi tun asuba har dare. Kujerar aji na biyu takan kama wajen yuan 55, ko da yake farashin na ɗan motsawa. Fasfonka shi ne tikitinka, da shi za ka saya a manhajar 12306 ko Trip.com, da shi kuma za ka wuce ƙofar shiga. Ka lura da sunan tashar da za ka sauka. Wadda kake so ita ce mai suna Tianjin kawai, a bakin kogi, tsakiyar gari. Tianjin ta Kudu tana can bayan gari, duk lokacin da jirgi ya rage maka sai ka biya shi a mota.

Ba za ka ji daɗin yawon ba sai ka san dalilin da ya sa gari ɗaya yake da kamannu iri-iri. A 1404 sarki Yongle na daular Ming ya kafa sansanin soja a nan, domin a wurin ne babbar hanyar ruwan da aka haƙa daga kudu ta haɗu da kogin Hai, kuma ta nan hatsin da ke ciyar da Beijing yake bi. Wanda ya riƙe Tianjin ya riƙe maƙogwaron fadar sarki. Turawa sun gane haka sarai. A yaƙin da Ingila da Faransa suka yi da Sin, an sa hannu kan yarjejeniyar Tianjin a 1858, a 1860 kuma aka tilasta buɗe garin ga 'yan kasuwar waje. Daga nan aka shiga yanka ƙasa. Ƙasashe tara suka samu yankinsu: Ingila, Faransa, Amurka, Jamus, Japan, Rasha, Italiya, Ostiriya da Hangari a matsayin daula ɗaya, da Beljiyam. Ka ƙaddara unguwar Turawa ta Nasarawa a Kano, amma a ce kowace ƙasa da tata, kowace da tutarta da 'yan sandanta da harajinta, dokar sarkin Sin ba ta shiga. Amurka ba ta raya nata ba, aka haɗe shi da na Ingila a 1902. Jamus da Ostiriya sun rasa nasu a 1917, Beljiyam ta mayar a 1931, na Italiya ne ya zama na ƙarshe a takarda, a 1947. Mutanen sun tafi, gidajen suna nan, su ne za ka je gani.

Rana ta farko ka ba wa ƙafafunka. Kana fitowa daga tasha ta ƙofar kudu za ka ga gadar ƙarfe ta Jiefang, wadda aka gama a 1927, irin mai buɗewa ta tsakiya don jirgin ruwa ya wuce. Ka haye ta ka miƙe titin Jiefang ta Arewa. Nan ne layin bankuna na da: manyan gine-ginen dutse masu ginshiƙai, na bankin HSBC da na Faransawa da na Japanawa, da yawansu har yau harkar kuɗi ake yi a ciki. Ɗan kasuwa zai fi kowa fahimtar wannan titi, don yana nuna wanda ke riƙe da kuɗin arewacin Sin shekara ɗari da suka wuce. Can gaba akwai otal ɗin Astor, wanda aka kafa a 1863 kuma har yanzu yana karɓar baƙi.

Daga nan ka hau tasi zuwa Wudadao, tsohon yankin zaman Ingilishi, inda nake so ka fi daɗewa. Gidaje ne wajen dubu biyu masu lambu, akasari na shekarun 1920 da 1930, a kan tituna masu inuwa kamar Machang da Munan da Dali da Chongqing. Abin lura shi ne yawancin masu gidajen ba Turawa ba ne. Bayan faɗuwar sarauta a 1912 ƙasar ta shiga rikicin shugabannin soja, duk wanda aka hamɓarar a Beijing sai ya kwashi dukiyarsa ya gudo nan, inda hannun wanda ya kayar da shi ba ya kaiwa. Tsofaffin shugabannin ƙasa irin su Xu Shichang da Cao Kun a Tianjin suka ƙare rayuwarsu. Akwai gidan da ake kira fadar Yarima Qing a titin Chongqing, wanda wani babban bāban fada, wato dandaƙaƙƙen bawan sarki, ya gina a 1922 kafin ɗan gidan sarauta ya saye shi, ana shiga da tikiti. A tsakiyar unguwar akwai filin wasa na Minyuan, da ake dangantawa da Eric Liddell, ɗan Sikotilan da aka haifa a Tianjin wanda ya ci zinaren tseren mita 400 a gasar Olimpik ta 1924. Za a yi maka tayin keken doki. Ni dai ban ga amfaninsa ba, yana wucewa da sauri, bayanin kuma da Sinanci ne. Tafiyar ƙafa ko keken haya sun fi.

Idan gida ɗaya kawai za ka shiga, ka shiga Jingyuan a titin Anshan, cikin tsohon yankin Japan. Puyi, sarkin Sin na ƙarshe, an kore shi daga fadar Beijing a 1924, ya zo Tianjin a 1925, ya koma wannan gida a 1929. A nan matarsa ta biyu, Wenxiu, ta gudu ta nemi saki a 1931, abin da ya cika jaridun lokacin, a nan kuma Japanawa suka fitar da shi a ɓoye a watan Nuwamban shekarar, suka kai shi Manchuriya, a arewa maso gabashin Sin, suka ɗora shi kan mulkin jeka-na-yi-ka. Gidan ba shi da girma sosai, wannan ma wani abin kallo ne ga wanda ya riga ya ga faɗin fadar da aka kore shi daga ciki.

Unguwar Italiya tana kusa da tasha, kowa zai ce ka je. Gine-ginen na da kyau, musamman wajen dandalin Marco Polo, amma an mayar da ita wurin shaye-shaye da shagunan tsaraba, rabin sa'a ta ishe ka. Gidan Tangaran na titin Chifeng, wanda mai shi ya lulluɓe da fasassun kwanonin tangaran, ka tsaya a waje ka ɗauki hoto ka wuce. Da magariba ka koma bakin kogi ka shiga jirgin ruwan yawo, domin da dare ne garin ke nuna kansa: gadoji da fitilu, tsofaffin bankuna a gaba, dogayen benaye a baya. Za ka hangi wani ƙaton lilo mai siffar taya, mai tsawon mita 120, da aka kafa a kan gadar Yongle. Layin hawansa yakan yi tsawo.

Batun abinci kuwa, hankalinka ya kwanta, Tianjin na cikin garuruwan da Musulmi ba ya shan wahala. Akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui masu yawa, cibiyarsu unguwar Xibeijiao ce a gundumar Hongqiao, kuma layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na 1 yana da tasha mai wannan suna. Ka je can da sassafe a rana ta biyu, da yunwarka. Mutanen gari, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, nan suke jerin gwano don karin kumallo. Ka nemi jianbing guozi, wata faffaɗar waina ce ta ƙullun koren wake da ake fasa ƙwai a kai, a naɗe soyayyen fulawa a ciki. Mutanen Tianjin suna da kishinta ƙwarai, suna ganin ta sauran garuruwa jabu ce. Akwai guobacai, yankakkiyar wainar wake a cikin miya mai kauri da man riɗi. Akwai zhagao na Erduoyan, soyayyen ƙullun shinkafa mai danƙo da zaƙin jan wake a ciki, wanda wani Musulmi ya fara sayarwa a ƙarshen daular Qing, daular sarauta ta ƙarshe a Sin. Alamar halal da za ka nema haruffa biyu ne, 清真, sau da yawa a kan koren allo. Ka ajiye hotonsu a wayarka.

Ga gargaɗi ɗaya da ba wasa: abincin da Tianjin ta fi suna da shi, baozi na Goubuli, wato turararren burodi mai nama a ciki, asalinsa da naman alade ake yi. Mai masauki zai iya kai ka can don karramawa, da zuciya ɗaya. A gidan abincin da ba na Musulmi ba kuma, ko ganye ka ce a soya maka, ana iya sa kitsen alade ko giyar girki, don haka cewa "ba na cin nama" bai wadatar ba.

Babban masallacin Tianjin yana cikin wannan unguwa, ya haura shekara 300, tun farkon daular Qing. Daga waje ba za ka ce masallaci ba ne: rufin tayal mai lanƙwasa, sassaƙar bulo da katako, alluna da rubutun Sinanci da na Larabci. Liman da jama'a sukan yi maraba da baƙo, sallama kaɗai ta isa buɗe fuska. Ka tuna alƙibla a can yamma take, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas a ɗakin otal. Bayan gida na jama'a ba buta, sau da yawa ba takarda ma, ka riƙe 'yar gorar ruwa a jaka.

Daga masallaci ba nisa zuwa titin Al'adun Gargajiya. Titin kansa a 1986 aka gina shi da fasalin da, amma wurin bautar Tianhou, gunkiyar teku ta Sinawa, da ke tsakiyarsa na 1326 ne, ya girmi garin, matuƙan jiragen hatsi ne ke zuwa roƙon sauka lafiya. Tsarabar da ta dace a nan ita ce zanen gargajiya na Yangliuqing da filfilon takarda na gidan Wei. Ka taya, kada ka biya kuɗin farko, wannan ba sai an koya maka ba.

Saura teku. In zuciyarka ta nace, ka ba shi yammacin rana ta biyu: jirgi mai sauri daga tashar Tianjin zuwa Binhai bai kai rabin sa'a ba, layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na 9 kuma kusan sa'a guda. Amma wuraren lodin kwantena ba a barin mai yawon buɗe ido ya shiga, sai in kamfanin da kake hulɗa da shi ya shirya maka, ruwan Bohai kuma a wajen garwaye yake da laka. Abin da ya cancanci wahalar shi ne kufan ganuwar Dagu a bakin kogi, inda aka gwabza da jiragen yaƙin Turawa a 1858 da 1859 da 1860 da 1900, kafin yarjejeniyar 1901 ta sa a rushe ta, sai gidan tarihin harkokin teku na ƙasa da aka buɗe a 2019. Ɗakin karatun Binhai da hotonsa ya cika intanet yana da ban sha'awa, sai dai littattafan da ke saman kantocin hoto ne aka manna. Wuraren nan suna nesa da juna, ka zaɓi ɗaya, ka yi da tasi. Gidajen tarihi da yawa a rufe suke ranar Litinin, wasu kuma sai ka yi rajista da fasfo tun kafin ka je.

Oktoba lokaci ne mai kyau, in ka kauce wa 1 zuwa 7 ga wata, hutun ranar ƙasa, lokacin da tikiti ke ƙarewa, otal ke tsada, tituna ke cika maƙil. Wannan ba Guangzhou ba ce: a ƙarshen watan dare yakan yi sanyin da ya fi na hunturun Kano, ka tafi da rigar sanyi ta gaske. Bizar da ta kai ka Beijing ta ishe ka, amma kafin ka biya otal ka tabbatar suna karɓar baƙin waje, domin su ne za su yi maka rajistar 'yan sanda. Alipay ko WeChat ɗin da kake amfani da su a Guangzhou za su yi maka komai a nan. In jirginka na gida daga Beijing zai tashi, ka kwana ɗaya a Tianjin, daren ƙarshe ka koma Beijing ka kwana, kuma ka duba ko daga filin Capital ne ko Daxing, don tsakaninsu tafiya ce mai nisa.